Jam'iyyar kare muhalli ta Suwidin ba ta itatuwa kaɗai ba ce

An daɗe ana ɗaukar Miljöpartiet, jam'iyyar masu kare muhalli ta ƙasar Suwidin, a matsayin taron masu son daji waɗanda ba ruwansu da sauran harkokin mulki. Wannan fahimta ta yi wa jam'iyyar gajeren zance.

Gaskiya ne batun makamashin nukiliya ne ya haife ta a 1981, bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1980 kan wannan batu. Amma aƙidarta ta tsaya ne kan haƙƙi uku: na dabbobi da muhalli, na 'yan baya da ba a haifa ba tukuna, da na dukkan mutanen duniya. Wannan na ukun ne ya sa ta dage kan karɓar 'yan gudun hijira. Ko shugabancinta ma mutum biyu ne ke riƙe da shi, mace da namiji.

Ta shiga majalisa a 1988, ta faɗi a 1991, ta dawo a 1994. A 2014 ta shiga gwamnatin haɗin gwiwa ta firaminista Stefan Löfven, kuma a nan ne ta sha wuya. A Nuwamba 2015 Åsa Romson, ɗaya daga cikin shugabannin jam'iyyar a lokacin, ta sanar da tsaurara dokar mafaka tana hawaye, abin da a ganina ya nuna yadda batun ya kai musu zuci.

A Nuwamba 2021 majalisa ta amince da kasafin kuɗin 'yan adawa, jam'iyyar ta fice daga gwamnati, hakan ya sa Magdalena Andersson, shugabar jam'iyyar da suke haɗin gwiwa da ita, ta yi murabus sa'o'i kaɗan bayan zaɓenta firaminista.