Waiwaye: allurar da ke tayar da ɓargo bayan kemo, daga ina ta samo asali?

Duk wanda ya taɓa jinyar mai cutar kansa ya san ba ranar kemo, wato ranar karɓar maganin kashe ƙwayoyin kansar, ce ranar fargaba ba, sai bayan sati ɗaya zuwa biyu, lokacin da fararen ƙwayoyin jini suke zubewa. Kemo dai kan mai uwa da wabi yake yi, duk ƙwayar da ke saurin hayayyafa sai ya bi ta kanta, har da na cikin ɓargo inda ake ƙera sojojin jiki. To a wannan tsakanin ɗan zazzaɓi ma zai iya kai mutum gadon asibiti ko ma ya yi ajalinsa, shi ya sa likitocin da sai su rage maganin ko su ɗaga ranar, kansar kuma ta samu sararin murmurewa.

Labarin ya faro ne a 1965 da 1966. Pluznik da Leo Sachs a Isra'ila, sai Ray Bradley da Donald Metcalf a Melbourne ta Ostareliya, kowa a nasa ɗakin gwajin ya shuka ƙwayoyin saifa ko ɓargon ɓera a cikin ɗan faranti mai ɗauke da wani abu mai kauri kamar kamu, suka ga ƙwayoyin na taruwa rukuni-rukuni amma fa sai in akwai wani sinadari da ba a san ko mene ne ba. Wallahi haƙurin Metcalf abin jinjina ne, shekara da shekaru suna tace fitsarin mutane da huhun ɓeraye don neman abin da ke zuwa ɗan mitsitsi, sai 1983 Nicos Nicola ya tace G-CSF na ɓera, wato sinadarin da ke sa ɓargo ƙera fararen ƙwayoyin jini, a cibiyarsu. Na mutum ya biyo baya a 1985 a New York, a 1986 aka samo ƙwayar halittarsa, 1991 hukumar FDA ta Amurka ta amince da filgrastim, allurar G-CSF ta kamfanin Amgen.

Allurar nan ba ta kashe kansa ko kaɗan, aikinta kawai ta ce wa ɓargo tashi ka yi aiki, shi ya sa ma masu karɓarta suke kukan ciwon ƙashi musamman ƙugu da baya. Wani amfanin da ba a zata ba, tana koro uwayen ƙwayoyin jini daga ɓargo zuwa jijiya, yanzu mai ba da gudummawar dashen ɓargo sai a yi masa allura na 'yan kwanaki a ɗebi abin ta hannu ba sai an huda ƙashi ba.

Inda abin ya ɗaure kai shi ne ɗan'uwanta GM-CSF. A 1994 aka samar da ɓerayen da ba su da shi, ana jiran a ga jininsu ya lalace, ashe jinin lafiya lau, huhunsu ne ya cika da datti. Daga nan aka gane cewa babban aikinsa zuga ƙwayoyin garkuwa ne, kuma in zugin ya yi yawa sai kumburi, irin na amosanin gaɓɓai. Sai ga masana sun rabu gida biyu, wasu na ƙara shi don tunzura jiki a kan cutar kansa, kamar maganin T-VEC da aka amince da shi a 2015 don kansar fata, wasu kuma na haɗa magungunan toshe shi. Ni a ganina ɓangaren toshewar bai cika alkawarin da aka yi ta yi masa ba, an gwada a amosani an gwada lokacin korona, sakamakon bai kai yadda aka sa rai ba, har kamfanin GSK ya jingine otilimab, maganinsa na toshe GM-CSF, a 2022.