Fenol a ruwan masana'anta: abin da doka ta ce da yadda ake aunawa

Duk mai masana'anta a Zariya, ko ta matse mai ce ko ta jima, ya san ruwan da ke fita ta bayan masana'antarsa ba nasa ba ne shi kaɗai. Da ya bi kwata sai ya gangara Kubanni ko Galma, inda 'yan lambu ke ban ruwa da rani. Shi ya sa ƙa'idar zubar da gurɓataccen ruwa ta 1991, wadda tsohuwar hukumar kare muhalli ta tarayya, FEPA, ta fitar, ta wajabta wa kowace masana'anta ta kafa na'urar tace ruwanta kafin ta sake shi. Tun 2007 hukumar NESREA ce ke sa ido kan dokokin muhalli a matakin tarayya, KEPA, hukumar kare muhalli ta jiha, kuma a Jihar Kaduna.

Iyakar da ƙa'idar ta 1991 ta sa wa sinadaran fenol, wani dangin sinadarai masu guba da ke fita cikin ruwan masana'antu, ita ce miligiram 0.2 a kowace lita, wato giram ɗaya tak cikin lita 5,000. An tsaurara ne domin fenol na kashe kifi da ƙwayoyin halittar da ke narkar da datti, kuma in ya haɗu da kulorin a gidan ruwa, sai ruwan famfo ya riƙa warin magani. Sashe na 27 na dokar NESREA ta 2007 ya tanadi tarar da za ta iya kai naira miliyan ɗaya ko ɗaurin da bai wuce shekara 5 ba ga wanda ya zubar da abu mai guba. Kamfani kuma dokar ta 2007 ta ce a ƙara masa naira 50,000 kowace rana laifin ya ci gaba.

Ƙasashen da ke matse man zaitun sun fi kowa shan wannan wahala, don fenol ɗin baƙin ruwansu da giram ake ƙirga shi a lita. Italiya, a dokarta ta 1996, ta yarda a watsa wannan ruwa a gona amma kada ya wuce kubik mita 50 zuwa 80 a hekta cikin shekara, gwargwadon irin injin. Mu nan bagaruwar majema da anguryar auduga ne ke ɗauke da dangin wannan sinadari.

A wajen awo ne mutane suka fi zamewa. Ɗaliban da ke binciken zogale ko zoɓo sun saba da gwajin Folin-Ciocalteu: a zuba sinadarin, a bi shi da sodiyam kabonet, ruwan ya koma shuɗi, a karanta ƙarfin launin a na'urar auna haske da aka saita a nanomita 765, a kwatanta da galik asid. Yana da kyau ga tsirrai, amma bitamin C da wasu nau'in sukari da salfayit duk suna shuɗa shi, sai adadi ya kumbura. Kada a ɗauki wannan sakamako a ajiye shi gefen 0.2 na doka, ba ma'auni ɗaya ba ne.

Awon da aka saba yi wa ruwan masana'anta shi ne na 4-aminoantipyrine. Ana ɗiba a kwalbar gilashi daidai bakin da ruwan ke barin masana'anta, ba can tsakiyar rafi ba inda ya riga ya tsinke. Nan take a ɗiga salfurik asid har pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, ya sauka ƙasa da 2, a sa cikin ƙanƙara. Kwalbar da ta wuni a but ɗin mota cikin zafin Maris ba asid, ƙwayoyin cuta sun cinye wani kason fenol ɗin, sakamakon zai fito ƙasa da gaskiya. Wadda aka adana daidai tana kai kwana 28.

A ɗakin gwaji sai an fara tafasa ruwan an tara tiririnsa, don a rabu da launi da laka. Sannan a gyara pH, a zuba sinadarin 4-aminoantipyrine tare da fotasiyam ferisayanayid, ruwan ya yi ja, a karanta wajen nanomita 500 zuwa 510. In fenol ɗin kaɗan ne, a janye launin da kulorofom a karanta a 460.

Shi ma wannan awo yana da makanta. Tanin, sinadarin bagaruwa da ke jeme fata, ba ya bin tiriri, don haka ruwan majema zai iya tsallake gwajin alhali yana nan ja wur. Mai masana'antar da ke son gaskiya ya nemi a auna masa COD (yawan iskar oksijin da ake buƙata don narkar da dattin ruwan) da tanin daban, ya kuma tabbatar an rubuta sunan hanyar awo da ranar ɗiban ruwa a takardar sakamako kafin ya miƙa wa jami'in KEPA.