P.K. Rosy: 'yar wasan da fim ɗaya ya raba da garinsu

Tambayoyin nan dai su ake ta turo min, to ga amsa a wuri ɗaya, kowa ya karanta ya huta.

Wace ce ita?

Mace ta farko da ta fito a fim ɗin harshen Malayalam, a kudancin Indiya, yankin da yau ake kira Kerala. Sunan fim ɗin Vigathakumaran, J.C. Daniel ne ya shirya shi.

Fina-finai nawa ta yi?

Ɗaya tal.

Ta yi waƙa kamar 'yan Indiyan da muka saba kallo?

Wace waƙa kuma? Fim ɗin ba ya magana, hoto ne kawai ke motsi.

To me ya raba ta da sana'ar?

Asali. 'Yar Dalit ce, mutanen da tsarin gargajiyar ƙasar ya ajiye can ƙasa, sai ga ta a majigi a matsayin 'yar gidan Nair, masu daraja. Ranar da aka nuna fim ɗin a silimar Capitol da ke Trivandrum, babban birnin Kerala a yau, 'yan kallo suka fusata suka yi ta jifan allo. Daga baya aka ƙona bukkarta. Ta tsere a babbar mota zuwa yankin da yau ke cikin jihar Tamil Nadu mai maƙwabtaka da Kerala, ta auri direban, ta sauya suna. Masu cewa wai ba ta iya wasa ba ne, don Allah ku bari.

Na ga bidiyo a YouTube da sunan fim ɗin, shi ne?

Nan sai a bi a hankali. Asalin fim ɗin ya ɓace, kuma ɗan Daniel da kansa ya ba da labarin cewa yana yaro ya ƙona faifan a wajen wasa. Abin da ka gani, watakila guntu ne daga Celluloid, fim ɗin 2013 da ya sake tsara labarin, ko kuma wani ne ya harhaɗa tsofaffin hotuna. In akwai kala ko magana, ai ka gama sanin amsa. In baƙi da fari ne ma, kada ka yi saurin yarda, mayar da hoto tsoho ba wuya a waya. Shekarar da Vigathakumaran ya fito ma ana jayayya a kanta, wasu su ce 1928, wasu 1930. In rubutun makaranta kake yi, kawo duka biyun, babu malamin da zai kama ka da laifi.

An karrama ta kuwa?

Bayan ta mutu. Google ya sa zanenta a shafinsa ranar 10 ga Fabrairu, 2023.