Waiwaye: Daga Rabon Goro Zuwa Lamba Mai Alƙaluma Miliyan 41

Duk wanda ya taɓa rabon goron ɗaurin aure a ƙauyukan Ringim ya san wannan rigima. Ƙwarya goro ɗari ce, tana kasuwa gida biyu, huɗu, biyar ko goma ba gardama. To bari yara su zare uku ya rage 97. Kasa shi yadda ka ga dama, sai an sami ragowa, in ba ɗai-ɗai za a bi mutane ba. Lambar da babu mai raba ta daidai sai 1 da ita kanta, mu kira ta gagara-rabo. Malaman gado ma sun san halinta, tunda in mas'ala ta yi auli, wato kason magada ya zarce asalin lissafi, 12 kan koma 13 ko 17.

Tun wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, masanin lissafi Yuklid na Iskandariyya ya kawo hujja cewa lambobin gagara-rabo ba su da iyaka. Saboda haka babu wadda ta fi duka girma, sai dai wadda ta fi girma cikin waɗanda aka gano.

Manyan cikinsu kusan duk 'yan gida ɗaya ne, gidan Marin Mersenne, limamin Kirista Bafaranshe da ya jera su a 1644. Ka jera 2 sau da yawa ka ninka su, sannan ka cire ɗaya: 3, 7, 15, 31. Sharaɗi shi ne adadin biyun da ka jera shi ma ya zama gagara-rabo, shi ya sa 15 ta faɗi. Amma sharaɗin bai isa ba: 11 tana ba da 2047, wato 23 sau 89. Shi kansa Mersenne ya yi tuntuɓe, ya sa waɗanda 67 da 257 ke bayarwa alhali ba sa ciki.

A 1876 masanin lissafi Edouard Lucas ya tabbatar da wadda 127 ke bayarwa, mai alƙaluma 39, da hannu kawai. Haƙurin nan ya fi na mai tsince tsakuwa a buhun gero. Dabararsa ta gwaji, wadda wani masanin lissafi, Derrick Lehmer, ya gyara a 1930, ita ce sirrin gidan. Ba wai 'yan Mersenne sun fi yawa ba ne, su ne dai ke da gwaji mai sauƙi. Da kwamfuta ta shigo a 1952, biyar aka samu a shekara guda.

Daga 1996 'yan sa-kai na shirin GIMPS suka karɓi farautar ta intanet. A Oktoban 2024 Luke Durant, Ba'amurke, ya gano ta 52 a gidan: 2 sau 136,279,841 an ninka, an cire ɗaya. Alƙalumanta 41,024,320. Mai karanta alƙalami ɗaya kowace daƙiƙa, ba ci ba barci, in ya fara ranar shuka, sai wata daminar ta zagayo an yi girbin gero bai kai ƙarshe ba.