Wuya ya riƙe, yatsu sun mutu: gyara zamanku gaban kwamfuta

Ma'aikatan ofis da yawa sukan zo mana da kuka iri ɗaya: wuya ya riƙe, kafaɗa na zafi, ido na yaji da yamma. Da an tambayi yadda suke zama gaban kwamfuta, sai a ga inda gizo ke saƙar.

Kan babban mutum ya kai kilo 5. Idan yana zaune daidai bisa kafaɗu, ba a jin nauyinsa. Da zarar kun sunkuya kuna leƙen allo, tsokar bayan wuya ce ke ɗauke da shi har a tashi aiki. Shi ya sa ba na raga wa laftof: allonta da madannanta a haɗe suke, in kun gyara wa hannu, wuya ya sha wuya, in kun ɗaga ta don wuya, hannu ya rataye. Ku ɗora ta kan littattafai har saman allon ya zo daidai da ido, ku sa mata madannai da linzami (maus) na daban. Tsakaninku da allon ya kai tsawon hannu, santimita 50 zuwa 70. Tafin ƙafa a ƙasa, baya a jingine.

Wuyan hannu ne ya fi damuna. Akwai jijiya da ke ratsa wata 'yar matsattsiyar hanya a nan, tana kai ji ga babban yatsa, manuni, na tsakiya da rabin na huɗu. Barin hannu a lanƙwashe tsawon lokaci yana ƙara matse ta. Sai yatsun su fara mutuwa, ko a ji kamar ana tsira allura, musamman da dare, har mutum ya farka yana yarfe hannu. In kun kai wannan, ku je asibiti, kada ku dogara da maganin kashe zafi. Masu ciwon suga da masu juna biyu su fi kula, wannan ciwon ya fi saurin kama su.

Shi kuma ido, kallon allo yana rage ƙiftawa, sai ya bushe. Duk bayan minti 20, ku kalli wani abu mai nisan mita 6 na daƙiƙa 20.

Kujera komai tsadarta ba ta maye gurbin motsi. Duk rabin awa ku miƙe, ko da ruwa za ku ɗebo ku dawo.