Yadda dokar intanet ta ƙasar Sin take bin ɗalibanta har ƙasashen waje

Ɗalibin da ya taso daga Shanghai ya sauka a Landan, ranar da ya sa sabon layi a wayarsa zai ga Google da YouTube da Facebook sun buɗe masa, alhali a gida ba ya shigarsu sai ta ɓarauniyar hanya. An toshe Facebook a ƙasar Sin tun Yulin 2009, bayan rikicin birnin Urumqi, Instagram kuma a 2014, lokacin zanga-zangar Hong Kong. Sai dai toshewar ce kaɗai take tsayawa a bakin iyaka, doka kuwa tana tsallakewa tare da shi ta hanyoyi biyu.

Ta farko tana cikin wayar da ke aljihunsa. Dokar Tsaron Intanet, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Yunin 2017, ta wajabta wa kamfanoni su tabbatar da ainihin sunan mutum kafin su ba shi layi ko su buɗe masa shafi, ta kuma ɗora musu alhakin goge duk bayanin da aka haramta, su adana shaidarsa, su sanar da hukuma. Wannan ya shafi WeChat, manhajar da ɗalibin ba zai iya rabuwa da ita ba, domin ta nan mahaifiyarsa take kiransa ta ga ko ya rame, a nan kuma zauren hirar danginsa yake. A 2016 masu bincike na Citizen Lab a Jami'ar Toronto sun gano cewa shafin da aka buɗe da lambar ƙasar Sin yana ci gaba da fuskantar tacewa ko da mai shi ya bar ƙasar ya sauya lamba. Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake yin ta shiru: mai aikawa yana ganin saƙonsa ya tafi, wanda aka aika wa bai ga komai ba, kuma babu wanda aka sanar.

Ta biyu ta fi nauyi. Sashe na 7 na kundin hukunta laifuka ya ce dokar tana hawa kan ɗan ƙasa ko da a waje ya aikata laifin. Sashe na 293 kuma ya tanadi ɗaurin da ya kai shekara 5 kan abin da ya kira neman rigima da tayar da fitina, kalmomi masu faɗin da kusan kowace suka za ta iya shiga ciki, kuma a 2013 Kotun Ƙoli da ofishin babban mai gabatar da ƙara suka fassara shi ya haɗa da rubutun intanet. Da wannan sashe aka kama wani ɗalibin Jami'ar Minnesota a Wuhan a Yulin 2019, da ya koma gida, aka ɗaure shi wata 6 saboda hotunan barkwanci kan shugaban ƙasar Sin da ya wallafa a Twitter yana Amurka, inda babu dokar da ta hana.

Ba kowane ɗalibi ne tsoro ya riƙe a WeChat da Weibo, dandalin sada zumunta na ƙasar Sin mai kama da Twitter, ba. Da yawa sabo ne da sauƙin harshe, wasu kuma suna goyon bayan gwamnatinsu da zuciya ɗaya. Amma waɗanda ke son yin magana sun koyi raba ƙafa, suna buɗe shafi da sunan bogi, wasu har da waya ta biyu, suna rufe fuska idan sun fita zanga-zanga. Rahoton Amnesty International na Mayun 2024 ya kawo shaidar ɗalibai a Turai da Arewacin Amurka da suka ce 'yan sanda sun tuntuɓi iyayensu a gida kan abin da su 'ya'yan suka yi a waje. Sinawa suna kiran irin wannan gayyata shan shayi, kuma sau da yawa uban da aka kira shi ne zai bugo wa ɗansa waya ya roƙe shi ya goge abin da ya rubuta.