Alawus ɗin ɗaliban fasaha da koyon sana'a: kyauta ne ko bashi?

Wai da gaske gwamnati na biyan mutum don ya koyi sana'a?

Da gaske ne. A watan Mayun 2025 ministan ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya ƙaddamar da shirin TVET a Abuja, wato shirin ilimin fasaha da koyon sana'a. Gwamnatin tarayya ce ke biyan kuɗin horon, sannan ta ba ɗalibi alawus duk wata. Hanyoyin shiga uku ne: kwas na wata shida, na shekara ɗaya, da karatun shekara uku a kwalejin fasaha. An tsara kashi 80 cikin 100 na lokacin ya tafi a aikin hannu, kashi 20 a aji. Ke nan wanda ya zaɓi walda zai fi ganin tartsatsin wuta fiye da allo.

Nawa ne alawus ɗin? Wasu na cewa 45,000, wasu 22,500.

Duka biyun daga bakin jami'ai suka fito, shi ya sa zancen ya rikice. Da farko shugaban NBTE, hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa mai hedikwata a Kaduna, Farfesa Idris Bugaje, ya ambaci naira 45,000. Daga baya ma'aikatar ilimi ta tsaya a kan 22,500 a wata. Sai dai labarin farko ya riga ya zaga WhatsApp, har yanzu za ka ji ana gardamarsa a teburin mai shayi. In za ka yi lissafi, yi da 22,500.

To, ɗalibi zai mayar da wannan kuɗin daga baya?

A'a. Nan ne mutane da yawa ke haɗa abu biyu da ba ɗaya ba, wato alawus ɗin TVET da lamunin ɗalibai, saboda sunan NELFUND, asusun ba ɗalibai lamuni na gwamnatin tarayya, na fitowa a duka biyun. Alawus ɗin TVET tallafi ne, ba wanda zai biyo ka bashi.

Lamunin ɗalibai shi ne bashin. Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokarsa a 2023, aka sake mata fasali a Afrilun 2024, aka cire sharaɗin kawo mai tsaya maka da kuma na ƙarancin kuɗin shigar iyaye. Wannan lamunin shi ne wanda ɗan kwalejin kimiyya da fasaha ta gwamnati, mai ND ko HND, yake nema. NELFUND na tura kuɗin makaranta kai tsaye asusun makarantar, ba ya bi ta hannun ɗalibi. Wanda ya nemi kuɗin kashewa kuma ana tura masa 20,000 a wata. Ana fara biya shekara biyu bayan gama bautar ƙasa, a riƙa cire kashi 10 cikin 100 na albashi ko abin da mutum ke samu.

Akwai kuɗin ruwa a lamunin?

Babu. Abin da ka karɓa shi za ka mayar. Iyaye da dama wannan tambayar suke fara yi kafin komai, kuma suna da gaskiya.

Me ake buƙata kafin a shiga?

Lambar NIN ita ce ƙofa, sai asusun banki mai BVN da sunanka. Gajerun kwasa-kwasan ana cike su ne a shafin ma'aikatar ilimi, ba a biyan ko kwabo. Kwalejojin fasaha na tarayya kuwa sai yaro ya gama ƙaramar sakandare ya zauna jarrabawar shiga ta NABTEB, hukumar shirya jarrabawar fasaha da kasuwanci.

Abu ɗaya da ake rainawa yana kayar da mutane: suna. A NIN an rubuta Muhammad, a banki Mohammed, a takardar makaranta Muh'd. Kwamfuta ba ta san duk mutum ɗaya ba ne. A gyara wannan tun kafin a cike fom. Kuma duk wanda ya ce ka kawo dubu biyar ya sa sunanka a jerin, ɗan damfara ne. Mai shagon intanet kuɗin aikinsa kawai zai karɓa, ba ya da wata alfarma a Abuja.

Idan na yi rajista na daina zuwa fa?

An ɗaure biyan da halarta, ana ɗaukar shaidar zuwan ɗalibi ta na'ura. Wanda ya shiga don alat kawai zai sha mamaki.

Gaskiya, 22,500 za ta riƙe mutum?

Ba za ta riƙe magidanci ba. Raba ta kwanakin aiki 22, kusan dubu ɗaya ke nan a rana: kuɗin adaidaita zuwa da dawowa, in an yi sa'a a sami na ƙosai. Ko kashi ɗaya cikin uku na mafi ƙarancin albashi, 70,000, ba ta cika ba.

Amma a gwada da yadda aka saba. Yaro a garejin kanikanci yakan yi shekaru yana wanke sifana da sayo wa oga abinci, ya fita ba takarda. A nan an ɗauke kuɗin horo, a kwalejojin tarayya har da abinci da wurin kwana, kuma a ƙarshe akwai takardar shaida da za a iya nuna wa kamfani. Gwamnati ta kuma yi alkawarin kayan fara sana'a ga waɗanda suka kammala. Ni dai da zan ba ƙanina shawara, cewa zan yi ya fara leƙa cibiyar da aka tura shi, ya ga ko injinan na aiki kuma akwai wuta, kafin ya tambayi ranar da alat zai shigo.